Jinin Garau

Direban motar makarantar nan da ake ce wa Garau ya sha faɗa cewa da za a zuba jininsa a kwalba, da likitoci sun riƙa ɗauka suna nuna wa ɗalibansu. Jinin ɗan saurayi ne, in ji shi, kuskure aka yi aka zuba a jikin dattijo. Yakan yi wannan bayani ne baki cike da kitse, gishiri na zuba daga tafinsa, maiƙo na gangarowa har gwiwar hannu. Matarsa takan kawar da kai, ta tura wa ƙaninsa mai walda kwanon abinci.

Shi ƙanin siriri ne kamar sandar da yake liƙa ƙarfe da ita. Ba ya magana, ba ya ciwo, in ban da ɗan ciwon kan da yake murje wa da man zafi a ƙeya. Warin man ya kama ɗakinsa har labule.

Sai makaranta ta ce duk mai tuƙa 'ya'yan mutane a auna shi, wanda jininsa ya hau ya ajiye makulli. Garau ya shiga asibiti yana dariya. Da aka naɗa masa abin awo a dantse dariyar ta ƙafe, lambobi suka yi sama. Ya ce nas ce ta matse shi da mugunta.

Likitar ba ta musa ba. Ta ce akwai masu jinin da ganin farar rigar likita kawai ke tayar wa, akwai kuma waɗanda nasu ke kwantawa a asibiti ya tashi a gida, don haka awo ɗaya ba shaida ba ne. Ta ɗauko wata 'yar na'ura da ake ratayawa a ƙugu, ta zaɓo maɗaurin da ya dace da dantsensa. Da ita zai wuni, da ita zai kwana, tana matsa hannun da kanta tana adana abin da ta gani.

Ya dawo gida cikin babbar riga yana yatsina. Abin da ya sha gumin hammatar marasa lafiya, in ji shi, shi aka manna wa mutum mai tsabta irinsa. Matarsa ta dubi tabon miyar da ke ƙirjinsa. Ya ce a ɗakin ƙaninsa zai kwana, kada hucin na'urar ya dame ta. Tunda aka ɗaura musu aure bai taɓa damuwa da barcinta ba, amma ta karɓi alherin.

Da suka zauna cin abinci, wa da ƙani kafaɗa da kafaɗa, sai aka ji wani huci kamar ana hura taya. Garau ya sandare, ya ɗaga gira.

"Kin ji ta ko? Haka nake fama."

Ƙanin ma ya dakata da loma, ladabi ga babban wa. Zufa na tsiyaya a cikin rigar waldarsa mai kauri, wadda ya ce ya gaji da yawa ba zai iya cirewa ba. Aikin rufin wani dogon bene ya samu, can sama inda mutum ke zama kamar ƙuda in an hango shi daga titi.

Washegari matar ta ce sai ta raka shi, don ta gaji da jin labarin asibiti daga bakinsa. Nas ta karɓi maɗaurin da yatsu biyu, ta miƙar da hannu nesa da hancinta. Ya yi baƙi, ya yi danƙo, ga ƙananan ramukan ƙuna a jikinsa. Garau ya ce ai aikin mota ba aikin ofis ba ne. Ya zauna, ya harɗe ƙafa, yana jiran a yaba.

Likita ta daɗe tana kallon allon kwamfuta.

"Baba, mai wannan jini ko kan kujera bai kamata ya hau ba, balle ya riƙe sitiyari. Ko cikin barci bai sauka ba. Jiri ɗaya ya isa. Yau za mu ba ka gado."

Ƙafar da ya harɗe ta sauko da kanta. Ya ce na'urar ce ta lalace. Ya ce a jefar da ita a kwata. Gaskiyar dai ya ƙi faɗa, ga makullin mota a aljihu yana taɓawa.

Don ta rufe masa baki, likita ta zaunar da shi yadda ya kamata: baya a jingine, tafin ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, baki a rufe, wanda shi ne ya fi ba shi wuya. Ta bar shi ya huce. Ta auna dama, ta auna hagu, ta sake. Jini lafiya lau. Karo na farko a rayuwarsa cika bakinsa ya zama gaskiya, ya kuma rasa bakin murna.

Likita ta dubi allo, ta dubi dantsen da ko sawun matsa babu a jikinsa.

Matar ta tashi ta ɗauki maɗaurin daga tiren nas, ta kai hanci. Ta dubi mijinta irin kallon da ake yi wa abin da aka taka a hanya.

"Likita, na'urarki ba ta yi ƙarya ba. Man zafi nake ji. Mai jinin nan yana can saman bene yanzu haka, yana walda."