Ranar da Baba Ya Tambaye Ni Ramin Sukuru

Wata la'asar na ajiye motar wasata a kan teburin Baba, a shagonsa da ke unguwar Liman Abaji. Kawuna ne ya kawo mini ita daga Legas. Ja ce, ana tuƙa ta daga nesa da wani ɗan akwati mai eriya, duk unguwarmu babu irinta. Ranar ta ƙi motsi.

Baba mai gyaran rediyo da agogo ne, ban taɓa ganin abin da ya gagare shi ba. Ya kifa motar, ya ɗora sukudireba mai bakin kuros, wato gicciye, a kan sukurun da ke ƙasanta. Ya murɗa, ta zame. Ya sake, ta zame har ta karce robar. Ni kuwa daga inda nake tsaye ina ganin ramin sarai, mai kusurwa shida ne, alanki yake so, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan na kwance irinsa. Shi da kansa ya koya mini bambancin.

Ya daɗe yana shafa kan sukurun da farce, sannan ya ce a hankali, "Matso ka duba mini. Ramin nan kuros ne ko mai kusurwa shida?"

Na kalli idanunsa. A buɗe suke, amma gefen motar suke kallo.

"Shida ne, Baba."

"To, miƙo alanki. Kada innarka ta ji tukuna."

Na miƙa masa, hannunsa ya kama iska. Sai na riƙo hannun, na sa masa alankin a tafinsa.