Giginya Ba Ta Jin Turanci

Malama Zulai, tunda kin ce gobe za ki fara koya wa yara lissafin kusurwa, zauna in ba ki wani misali, don kuwa abin yana ci mini rai duk sanda na tuna.

An yi wani malamin lissafi a wata sakandaren ƙauye, Malam Sallau, mutum mai ji da harshensa. Ya iya lissafi, wannan ba a raba shi da shi. Amma abin da ya ɗauka da zafi shi ne yadda ake furta sunayen nan guda uku. Dokarsa ita ce a allo a rubuta su a taƙaice, harafi uku-uku, sin da cos da tan, a baki kuwa a cika su, a ce sayin, kosayin, tanjent, a kuma shaƙo su ta hanci kamar mai karanta labarai. Duk wanda ya kuskura ya karanta su yadda suke a rubuce, Malam zai dafe kai, ya kwaikwaye shi da muryar ba'a har aji ya kwashe da dariya, sannan mai laifi ya fita ya durƙusa a rana. Zango ya kusa ƙarewa ana gyaran baki, ba a taɓa tambayar yara me kowane suna yake aunawa ba. A ajin akwai Hansatu, yarinya mai kaifin kai, sai dai harshenta na gida ne. Ta sha durƙuso a kan “tan” har gwiwarta ta yi kanta, daga ƙarshe ta koyi yin gum. Akwai kuma Mudassir, ɗan gaban goshi, wanda in ya ce tanjent sai ka ga Malam ya lumshe ido kamar an ɗiga masa zuma.

Ana nan sai gara ta cinye gindin tsohuwar giginyar da ke tsakar makarantar, ya zama dole a sare ta kafin iskar farkon damina ta kayar da ita a kan mutane. Fili ɗaya ne kawai za a iya kwantar da ita, a ƙarshensa kuma ga sabon ajin da iyaye suka gina da aikin gayya, suka yi karo-karo suka rufa masa kwano. Ajin Malam Sallau ne. Shugaban makaranta ya tambaya ko kan giginyar zai kai ga rufin. Malam ya bugi ƙirji ya ce ɗalibansa ma sun isa su amsa wannan, a gaban kowa. Aka fito da yara, aka auna tazara daga gindin, aka ɗauki kusurwa zuwa ƙoli. Mudassir ya gyara kwala ya ce a ninka tazarar da sayin ɗin kusurwar, ya ja kalmar nan ya lanƙwasa ta yadda ko Bature sai ya sara masa. Daɗi ya cika wa Malam kunne, har bai tsaya ya lura cewa tanjent ake bukata a nan ba, sayin kuwa rage wa itacen tsawo zai yi. Ya hangi hannun Hansatu ya ɗago rabi ya koma. Ya kau da kai, don ba ya son ta ɓata masa taro a gaban shugaba. Ya ce akwai sauran fili, a sara.

Giginya dai ba ta jin Turanci. Ta taho da tsawonta na gaskiya ta sauka a tsakiyar rufin, kwano ya naɗe kamar tabarma, katako ya tarwatse. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki. Malam Sallau ya tsugunna ya sake lissafin a kan yashi da yatsa, bai kai layi na biyu ba ya ga ɓarnar. Can ya tuna da hannun nan, ya kira Hansatu ya tambaye ta da faɗa me ya hana ta magana.

Ta sunkuyar da kai ta ce, “Na ga kuskuren, Malam. Amma sai na faɗi sunan, ni kuma bakina bai iya shi yadda kake so ba, ga mutane.”

Kin ji fa! Yarinya riƙe da amsa, shi da kansa ya ɗinke mata baki, kuma har yana da idon tuhumarta. Daminar nan a baranda suka yi ta, feshin ruwa na jiƙa musu littattafai, iyayen da suka zuba guminsu suna wucewa suna kallonsa ba mai ce masa ko sannu. Saboda haka gobe, in yaro ya ce miki “tan”, ki tambaye shi me take aunawa tukuna, gyaran baki ya biyo baya a hankali. Hausawa sun gama magana da suka ce, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.