Saura Awa Tara

Tun da sabuwar doka ta zo, mai ciwon daji ba ya samun magani sai awarwaron lantarkin da aka saka masa a hannu ya ƙirga masa awa tamanin na aiki a wata.

Tabawa mai kitso ta miƙa nata ta tagar asibiti.

"Inna, saura awa tara," in ji ma'aikaciyar.

"Kwana goma ina amai, 'yar nan."

"Amai ba aiki ba ne."

Tabawa ta waiwayi matan da ke layi. Magani ya share gashin kowa, har nata. Sai ta zaro kibiyar kitso, ta dubi ma'aikaciyar.

"To, fito ki zauna. A nan ke kaɗai ke da gashi. Ƙanana zan yi miki, kuma babu mai tashi sai tara ta cika."