Muttaka da Man Riɗi

Muttaka ya ɗaga kai sama, ya ɗiga man riɗi a hancin dama, ya ɗiga a na hagu, ya shaƙa. Sannan ya miƙa wa matarsa kwalbar.

"Maman Rayyan, gwada mana. Ɗan kaɗan kawai."

Hannatu ta ja tsaki ta wuce kicin.

Mutum da gemunsa, gwamnati ta turo shi Kuala Lumpur yin digiri na uku, amma tunda korona ta kulle gari ya koma ɗalibin wata Ba'indiya mai kantin magani a unguwarsu ta Sentul. Wai Ayurveda, tsaftar mutanen Indiya ta gargajiya. Kullum bayan asuba sai ya kankare harshe da wani lanƙwasasshen jan ƙarfe, kamar mai kankare ƙanzo. Ya guntsi man riɗi ya yi ta kuskurawa, kumatu a kumbure, ko gaisuwa ba ya iya amsawa. Sai ruwan ɗumi, sai ɗigon hanci. Kuma komai bibbiyu yake sayowa, don rashin ta ido. Nata ƙarfen yana nan a ledarsa, ko buɗewa ba ta yi ba.

Ita da mura ta kwantar da ita a farkon kulle, citta da kanumfari kawai ta sha ta miƙe. Ba ta je gwajin korona ba, balle ta nemi wata Ba'indiya.

Da a banɗaki abin ya tsaya, da sauƙi. Sai ya biyo shi har kan tuwo. Daddawar da aka aiko mata daga Kano ta zama kamar dusa, kayan ƙamshin kantin ƙasan bene kuma duk sun mutu, don haka dole take ninka hannu a miya. Muttaka da a da yake suɗe kwano, yanzu loma uku yake yi ya bi da ruwa, wai Ayurveda ta hana cika ciki. Sau ɗaya ya taɓa cewa, "Daddawar nan ba ta ɗan yi yawa ba?" Ta yi kwanaki ba ta kula shi ba. Tun daga nan ya kama bakinsa.

Sai turaren wuta. Na Maiduguri ne, yayarta ta haɗa mata, amma shi ma ya huce, sai ta zuba cikin tafi guda a kasko kafin ta ga hayaƙin kirki. Ta yi wanka, ta shafa humra, ta turara jiki, ta shigo ɗaki tana taku ɗai-ɗai. Me mijin nan zai yi? Ya miƙe da jajayen idanu ya buɗe taga. Wai iska yake so. Wannan ya fi komai yi mata ciwo, ta yi kuka a ranar. Macen da ta turara jiki mijinta ya buɗe taga, ai an gama da ita.

Ga kuma sabon ladabi. Kafin ta ankara Rayyan ya ɓata jikinsa, uban ya sure shi ya yi banɗaki da shi. Hannatu ta san maza. Ba sa fara irin wannan kirkin sai sun yi laifi.

Abu ɗaya korona ta yi mata na alheri: maƙwabtan ƙasa sun daina sayo duriyan, ɗan itacen nan mai ƙaya wanda warinsa ya sa ta amai a lif, na'urar hawa bene, makon da suka sauka a ƙasar. A da, daga hawa uku take jiyo shi.

Lissafinta ya fito sarai. Akwai Ba'indiya, akwai mai da ake ɗurawa a hanci, akwai miji da ya daina son girkinta da ƙamshinta. Idan ba soyayya ba ce, to asiri ne. Kuma mahaifinta, Baffa, ba ya wasa da zancen tsafi. Kalma ɗaya zai ji ya ce a sakar masa 'ya, ta hawo jirgin farko da zarar an buɗe hanya.

Ranar Juma'a Muttaka ya fita cefane da hantsi, ya dawo ya yi ta ƙuruniya a falo ita tana ɗaki. Da la'asar, lokacin da ta san gari ya waye a Kano, ta kwaso kwalaben man da ƙarafan duka ta zube su a kan teburin cin abinci. Ta ja kujera ta zauna, lambar Baffa a buɗe a wayarta. Shi yana tsaye jikin taga, sanye da takunkumi. A cikin gidansa! Wato yanzu har numfashinta yake ƙyama.

Ta fara daga tuwo, ta bi ta kan turare, ta sauka a kan Ba'indiya. Ba ta rage komai ba. Ta daɗe tana yi, shi kuwa bai katse ta ba, sai ƙifta ido yake kamar mai yankan albasa.

"Yau ka zaɓa, Abban Rayyan. Ko ni, ko man riɗi."

Ya taho a hankali.

"Hannatu, hancina lafiyarsa lau. Harshena ma haka. Na rasa yadda zan faɗa miki ne, na ce ko kin ga ina yi, ke ma ki yi."

Ya sunkuya ya ɗaga mayafin teburin.

Dab da ƙafarta, a kan faranti, ga ƙaton duriyan a fashe, nunanne luguf, yana nan tun hantsi, kuma hancinta bai ji komai ba.