Bindigar da Aka Ce Babu Komai a Cikinta

Babanmu manomi ne a wani ƙauye kusa da Tofa, amma ba abin da yake so kamar tara tsofaffin bindigogin toka. Ba ya farauta. Saya kawai yake yi, ya goge, ya rataye a ɗakinsa.

Ina 'yar shekara takwas, wata rana da la'asar, wani maƙeri ya kawo masa guda, ya rantse babu komai a cikinta. Baba ya jingine ta jikin katanga ya fita raka mutumin. Na ɗauke ta da ƙyar, na ɗora a kan turmi, na saita ƙanena Sani da ke cin gyaɗa a gindin rumbu.

"Ɓarawo, yau ka mutu!" na ce. Sani yana ta dariya.

Sai na ji muryar Baba a bayana, ƙasa-ƙasa. "Uwata, cire yatsanki a hankali."

Yatsana ya ƙage a kan kunamar bindigar. Baba ya matso, ya ɗaga bakin bindigar sama, sannan ya ɓamɓare hannuna.

Ya zura sandar ɗuri a ciki. Ba ta kai ƙarshe ba ta tsaya. Da ya zaro ta, warin albarushi ya biyo. Ashe a ɗure take.

Na tsaya ina jiran duka, amma bai ko kalle ni ba. Ya zauna dirshan a ƙasa, ya jawo Sani ya ƙanƙame yana salati, yaron kuwa yana ta mutsu-mutsu, wai an zubar masa da gyaɗa.