Albasa Buhu Talatin

Da ya ɗauko jitar daga bayan ƙofa, sai ya ga ƙirjinta fes. Sa hannun ya ɓace.

Albasa buhu talatin ya sayar a kasuwar Goronyo kafin ya mallaki wannan jitar bes, mai tsirkiya huɗu da murya irin ta bajimin sa. Irinta marar rubutu buhu biyar ce, amma wannan wani gwanin makaɗi ne ya rattaba mata hannu da tawada. Jiya ma sai da ya yi wa mahaifiyarsa bayani: "Inna, duk tsadar ga rubutun nan take. Baiwar gwanin na ciki."

Ya faɗo tsakar gida yana ihu: "Wa yat taɓa min jita?"

Inna ta taso riƙe da kofin silba, ko a jikinta.

"Kuwwar mi kaka yi? Wata ukku kana kiɗi, awakina na tserewa. Rubutu mai tsada hakanga, ana barinai bisa icce? Na wanke maka shi. Yi bisimilla."

Ya dubi baƙin ruwan, ya tuna gonarsa. Ya shanye tas, ya ɗauraye kofin, ya ƙara shanyewa.