Abin da Ya Rage a Allo

"Farfesa, misali ɗaya kawai," in ji tsohon ɗalibinsa daga bayan zaure.

Farfesa ya yi murmushin tausayi. A kan wannan ƙa'idar aljabra ya yi furfura: ka gano ruɓaɓɓen ɓangaren tsarin lissafi, ka yanke shi, lafiyayyen ya rage. Gwada misali kuwa aikin yara ne, bai taɓa ɓata lokacinsa ba.

Amma yau ya ɗauki alli, ya rubuta misali a allo, ya yi ta yanka, gumi na keto masa. Sharuɗɗansa suka cinye komai, sai sifili ɗaya tal a tsakiyar allo.

Matarsa, a kujerar gaba, ta tafa.

"Sannu da ƙoƙari, Baban yara. Ashe wannan ne muka yi shekaru muna sanɗa a gida kada mu tashe shi."